Tsaga Ciki Don Ceton Jariri: Yadda Hukunci Ya Bi Sawun Ilimin Likitanci

Ɗalibin da ya karanta babin jana'iza a Mukhtasar na Shehu Khalil zai ci karo da wata mas'ala mai nauyi: mace ta rasu da ciki, ɗan yana motsi, shin za a tsaga cikinta a fitar da shi? Malamai sun yi saɓani a kai, kuma bin tarihin saɓanin yana nuna cewa tushensa shi ne gwargwadon abin da likitancin zamaninsu yake iya tabbatarwa.

An ruwaito daga Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, cewa ba za a tsaga ba. Sahnun, mai Mudawwana, ya ga halaccin tsagawa idan an tabbatar ɗan yana da rai, kuma Khalil ya kawo ra'ayoyin biyu, ya ƙara da cewa idan za a iya fitar da ɗan ta mafitarsa sai a yi. Hanafawa sun ce a tsaga ta gefen hagu. Shafi'awa sun shardanta a yi fatan rayuwarsa, kamar cikin da ya kai wata 6, haka ma Ibnu Hazmin. Mashahurin zance a mazhabar Hambali shi ne hani, sai dai ungozomomi su yi ƙoƙarin ciro shi da hannu. Masu hanin sun kafa hujja da hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a 620, ya bayyana illar a cikin Al-Mugni: irin wannan ɗa galibi ba ya rayuwa, don haka ba a keta alfarmar da aka tabbatar saboda abin da ake zato.

Wannan illa ta dace da halin da likitanci yake ciki. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya ware babuka a kan haihuwa a maƙala ta 30 ta littafinsa At-Tasrif. Ya koyar da ungozomomi yadda ake gyara kwanciyar ɗa idan ya zo a gicciye, da yadda ake fitar da mabiyiya idan ta maƙale, ya kuma zana kayan aikin ciro ɗan da ya mutu a ciki. Ya ba da labarin wata mata da ɗa ya mutu a cikinta, bayan lokaci ƙurji ya fito mata a wajen cibiya, ya ciro ƙasusuwan ɗan ta nan, ta rayu. Duk da gwanintarsa a tiyata, bai koyar da tsaga cikin mace mai rai ba, domin babu hanyar tsayar da jinin mahaifa, babu kuma maganin ruɓewar rauni.

A Turai ma, har tsakiyar ƙarni na 19, mafi yawan matan da aka tsaga cikinsu a manyan asibitoci mutuwa suke yi. Sauyin ya zo daki-daki. A 1846 aka nuna amfani da maganin sa barci wajen tiyata. A 1847 Ignaz Semmelweis ya gano a birnin Biyana cewa wanke hannun likita da ruwan kolorin yana rage zazzaɓin da ke kashe masu jego. A 1876 Eduardo Porro na Italiya ya ceci uwa da ɗanta ta hanyar cire mahaifar bayan fitar da jariri, ke nan ta tsira da ranta ta rasa haihuwa har abada. A 1882 Max Sänger na Jamus ya yaɗa ɗinke mahaifar a bar ta. A 1926 Munro Kerr ya yaɗa yanka ta ƙasan mahaifa a gicciye, inda tabo ya fi ƙwari. Ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka cika aikin.

Malamai ba su yi biris da wannan ba. Shehu Abdurrahman As-Sa'adi, Bahambale da ya rasu a 1376 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa tunda tiyata ta bunƙasa, tsaga ciki ya daina zama wulaƙanta gawa, ya kuma halatta shi don ceton ɗa. Bai ga haka a matsayin saɓa wa magabata ba, domin illar da suka gina hani a kanta ce ta gushe. Ita kuwa mace mai rai, ƙa'idar kawar da babbar cuta da ƙarama ta wadatar wajen halatta mata aikin idan likita amintacce ya ga larura.

Har yau aikin yana da haɗarinsa: zubar jini, ruɓewar rauni, tsagewar tabo a naƙuda ta gaba, da mannewar mabiyiya a jikin mahaifa idan an yawaita shi. Saboda haka ba a neman sa don ganin dama kawai. Amma jinkirta shi a lokacin larura ya fi muni. Doguwar naƙuda tana kashe jariri, tana fasa mahaifa, ita ce kuma babban sanadin yoyon fitsari, wanda asibitin Babbar Ruga a Katsina ya daɗe yana ɗinke masu fama da shi.

A ƙasar Hausa, miji ko uba kan tuntuɓi malami kafin ya sa hannu a takardar aiki, wani lokaci matar tana kwance tun jiya. Malamin da ya karanta hanin da ke cikin Mukhtasar bai san cewa a kan gawa yake magana ba, bai kuma san illarsa ba, zai iya janyo jinkirin da za a rasa rai biyu. Wanda ya san tarihin mas'alar zai tambayi abin da likita ya gani, sannan ya yi umarni da gaggawa, kamar yadda magabata suka auna hukuncinsu da sanin masana na zamaninsu. Allah ne Mafi sani.