Su wa ke sayen kujerun Premium Economy da na Business a jirgin sama?

Duk wanda ya taɓa hawa babban jirgi mai cin dogon zango ya san wannan tattakin. Za ka shiga ta gaba, ka wuce kujerun da ke miƙewa su zama gado, ka ratsa wasu 'yan layuka masu ɗan walawa, kafin ka isa sashen Economy, inda gwiwa ke gogar bayan kujera.

Masu gadon su ne Business, na tsakiya kuma Premium Economy. Babban abin da ya raba mazaunansu shi ne aljihun da kuɗin tikitin ya fito.

Yadda aka faro

Sashen Business ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanoni irin su British Airways da Qantas suka ware wuri ga masu tafiyar aiki. A shekarar 2000 British Airways ya sanya wa sashen kujera mai kwanciya shimfiɗe, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga nan tazarar da ke tsakanin gaba da baya ta ƙara faɗi, a jin daɗi da kuma farashi.

Wannan giɓin ne Premium Economy ke cikewa. EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Birtaniya ne suka fara shi a 1992. Lufthansa ya shigo a 2014, Singapore Airlines a 2015, Emirates kuwa sai a 2022 ya fara sayar da tikitinsa.

Me fasinja ke samu?

A Economy, tazarar da ke tsakanin layi da layi kan kai inci 31 zuwa 32. A Premium Economy takan kai kusan inci 38, ga kujera mai ɗan faɗi da matakin ƙafa da abinci mafi inganci, sau da yawa har da ƙarin kaya. Sai dai a zaune za a kwana, kuma galibi ba a shiga zauren hutawa na filin jirgi.

Business kuwa barci yake sayarwa: gado, da zauren hutawa, da layin tantancewa na musamman. Farashinsa kan ninka na Economy sau da dama.

Masu Business

Tun asali, ƙashin bayan wannan sashe mutane ne da wani ke biya musu: shugabannin kamfanoni, manyan jami'an gwamnati, ma'aikatan bankuna da na kamfanonin mai. Ma'aikatar da ta tura mutum ya kwana a sama ya shiga taro da safe na ganin gadon a matsayin kayan aiki. Sai attajirai, da masu yawan tafiya da ke musayar makin da suka tara da kujera. Bayan annobar korona kuma, an ga ƙaruwar masu yawon buɗe ido da ke biya da kansu.

Masu Premium Economy

Mafi yawansu daga guminsu suke biya. Akwai dattawan da zama a takure ke wahalar da su, da dogayen mutane, da ƙananan 'yan kasuwa, da ma'aikatan da dokar ofishinsu ta hana musu Business. Akwai kuma mazauna ƙetare da ke saya wa iyayensu tikiti, misali a tafiyar sa'a shida da 'yan kai tsakanin Landan da Abuja ko Accra.

Lissafin kamfanoni

Kujerar Premium Economy ba ta cin wuri sosai fiye da ta Economy, amma kuɗinta ya fi nesa ba kusa ba, shi ya sa kamfanoni ke ƙaunarta. Fargabarsu ita ce kada masu Business su sauko, abin da ya sa wasu suka daɗe suna jan ƙafa. Burinsu shi ne na baya ya matso gaba.

Ga mai sayen tikiti, tambayoyi biyu ne: da dare za a tashi ko da rana, kuma wa zai biya? Idan tafiyar rana ce, wurin miƙe ƙafa kan wadatar. Idan ta dare ce kuma aiki na jira da safe, a nan ne gadon ke biyan kuɗinsa.