Daga Bimaristan Zuwa Gidan Mari: Waiwaye A Kan Jinyar Masu Taɓin Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya karrama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyakar Nijar, idan wani ya soma surutai shi kaɗai, ko ya daina barci, ko mai jego ta ƙi kallon jaririnta, abin da akan fara cewa shi ne iska ko sammu. Sai a yi tofi da rubutun sha da hayaƙi. In abin ya ta'azzara, wani a sa masa mari a ƙafa, wani a sake shi yana gararamba a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yara na binsa da jifa. Da yawa sun ɗauka wannan ita ce jinyar da muka gada daga magabata. Tarihi kuwa bai ce haka ba.

Tun farko Shari'a ta sauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin taklifi, kamar yadda ya tabbata a hadisi cewa ba a rubuta masa zunubi har sai ya warke. Malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce a kai: sakinsa ba ya aukuwa, dukiyarsa kuma waliyyi ne zai tsare masa ita. Ashe marar lafiya ne mai haƙƙi a kanmu.

A kan wannan fahimta Musulmi suka gina asibitocin da ake kira bimaristan. Wanda Ahmad bin Ɗulun ya gina a Misira wajen shekarar 872 yana karɓar masu taɓin hankali. Matafiyin nan Ibnu Jubair ya ziyarci wani asibitin a Alƙahira a 1183, ya tarar da sashe na musamman dominsu, da ma'aikata masu duba halinsu kullum suna ba su abin da ya dace. A Dimashƙa kuwa ya ga an ɗaure wasu da sarƙa. Sai dai a tuna, a wancan zamani babu magungunan kwantar da ƙwaƙwalwa irin na yau, waɗanda na farkonsu ya bayyana a Faransa a 1952. Abin da lalura ta sa su yi, mu ba mu da uzurinsa.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, mai littafin Masalihul Abdani wal Anfus. Ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda ake jinyarsa da nasihar amini da gyaran tunani. Akwai kuma wanda yake auko wa mutum ba dalili, ya hana shi walwala da aiki, wannan ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da maganin likita. Ya shawarci mai waswasi ya guji kaɗaici da zaman banza, ya nemi wanda ya yarda da shi ya riƙa faɗa masa abin da ke ransa. Ya kuma ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana. Yau fiye da shekara dubu ke nan, likitocin ƙwaƙwalwa suna koyar da kusan irin wannan.

A Nijeriya kuwa, Turawan mulkin mallaka sun zo da dokar 1916 wadda ta fi damuwa da tsarewa a kan warkarwa, aka sabunta ta a 1958. Dokta Adeoye Lambo ne ya sauya salo a Aro ta Abeokuta a 1954, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Amma tsarewa da mari ba su ƙare ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka ceto ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan da ya biyo baya aka buɗe wani a Daura. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin majinyaci.

To mene ne namu a ciki? Addu'a da ruƙiyya ta Shari'a alheri ne, kuma ba su hana zuwa asibiti, domin Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Idan ɗan uwa yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kwana da yawa ba barci, ko ya soma ambaton kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari daga kusa da shi, a garzaya da shi babban asibitin Gumel. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. In ya samu sauƙi kada ya bar shan magani sai da izinin likita. Kai kuma da abin yake damunka, faɗa wa wanda ka amince da shi, ciwo ba raunin imani ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu. Wallahu a'alamu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.