Abin da Ya Koro Motarka daga Turai

Mai saurare, motar nan da ka sayo daga Kwatano kake kai awaki kasuwa, ka san abin da ya raba ta da gida?

A 1960 Ingila ta fara gwajin mota duk shekara. Da farko sai wadda ta kai shekara goma, kuma birki, fitila da sitiyari kawai ake dubawa. A 1967 aka mayar da shi shekara uku. Sauran ƙasashen Turai ma kowa da nasa tsarin.

To, tsohuwar mota ita ta fi faɗuwa. Gishirin da suke watsawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cin ƙasanta har bututun birki. In kuɗin gyara ya zarce darajarta, sai mai ita ya sayar. Da yawa haka suke hawa jirgi daga Beljiyam, su sauka Kwatano; a da kuma sukan ƙetaro Gaya zuwa Maraɗi.

Don haka kada fenti ya ruɗe ka. Kafin ka biya, sa makanike ya shiga ƙarƙashi ya dubo tsatsa. Ranar da ka ɗauko kaya a gangare, birki za ka taka, ba takarda ba.