Daga Hawaye Zuwa Riƙe Jaka: Mata a Fim ɗin Hausa

Mu da muka yi sana'ar kaset a Sabon Wuse, muna saro kaya daga Ƙofar Wambai ta Kano, mun san mata ne suka riƙe kasuwar fim ɗin Hausa tun tana tatata. Daga cikin gida ake aiko yaro da kuɗin haya, a ce a ba shi sabon fitowa. Amma abin da muke miƙa musu, tun bayan Turmin Danya na 1990 har zamanin Sangaya, kusan labari ɗaya ne: kishiya, uwar miji, da yarinya mai kuka har Allah Ya kawo mai ceto.

Marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ce ta ƙi wannan layi da wuri. A labarinta Alhaki Kuykuyo Ne, matar da miji ya kora da 'ya'yanta sana'ar abinci ta kama ta tsaya da ƙafarta.

Barkwanci kuwa fagen maza ne, Rabilu Musa Ibro ya mamaye shi har rasuwarsa a 2014. Duk da haka marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta ƙwaci nata rabon. Masifaffiyar uwa ake ba ta, sai ta juya masifar ta zama abin dariya, mata na tsine mata suna kuma neman fim ɗinta na gaba. A ganina har ta rasu a 2024 masana'antar ba ta biya ta haƙƙin wannan basira ba.

Sauyi ya zo ne da mata suka fara zuba kuɗinsu. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016, shekara na zagayowa ta fito da Rariya a matsayin furodusa. Hauwa Kulu na Ali Nuhu ya taɓo fyaɗe a 2019. Sannan Arewa24 da YouTube suka kawo masu dogon zango, irin su Labarina da Manyan Mata, inda ake da filin bin mace daga faɗuwarta har tashinta.

Shagunanmu sun koma tura fim a waya, masu saye dai su ne na da. Inda har yanzu hannun mata bai kai sosai ba shi ne kujerar darakta da ta marubuci. Furodusoshi, ku ba su waɗannan kujeru.