Almakashin da ya haɗa ƙwai da hular gwamna

Masu bori na Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, sun san Babule, iskokin da ke zuwa da tafiyar soja da tsawar Nasara. Labarinsu ya faro ne a 1925 a garin Shikal, cikin Kurfai, inda suka hau wata mata mai suna Shibo. Mabiyanta suka bijire wa sarakunan da Faransa ta ɗora, har kwamanda Crocicchia ya sa aka tsare su a Yamai. Bayan haka shi ma aka shigar da shi cikin iskoki da sunan Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani kuma suka tafi da wannan bori, wanda Zabarmawa ke kira Hauka, har birnin Akara, lokacin ƙasar Gana tana hannun Ingila.

Can ne Jean Rouch ya ɗauki hoton bikinsu a 1954, da kamara mai wani, wadda ba ta wuce kamar daƙiƙa 25 sai ta tsaya. Don haka guntaye ya kawo Paris. Da ya nuna su a Musée de l'Homme, sai zaure ya yamutse: ga kumfa a baki, ga kare an yanka an ci. Malaminsa Marcel Griaule ya ce a halaka fim ɗin, ɗaliban Afirka kuwa suka ga cin mutunci ne.

Rouch ya zauna da Suzanne Baron, gwanar yankan fim da haɗa shi, suka fitar da Les Maîtres fous. Wuri guda ya isa misali. An fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, yana gangarowa. Nan take hoto ya koma faretin soja, ga gwamnan Ingila na gaskiya da gashin tsuntsu bisa hularsa. Ba wuri ɗaya aka ɗauki hotunan biyu ba, almakashi ne ya gama su, mai kallo kuma ya fahimci cewa mulkin mallaka ake kwaikwayo. Hukumar Ingila ta fahimta, ta hana nuna fim ɗin a Gana. A 1957 ya ci kyauta a Venise.

Sai dai almakashin da ke haɗawa shi ne ke zubarwa. Mai kallo yana ganin kumfa da hula, amma ba ya ganin Shikal, ko haraji da aikin dole da suka sa talakawa tawaye. Wannan ɓangare yana bakin tsofaffi da littattafai irin na Adeline Masquelier (2001) kan borin Dogon Dutsi. Malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin ya kamata ya tsaida shi daidai wurin ƙwan, ya tambaye su wa ya ɗora wannan hoto bayan wancan, kuma me ya bari a ƙasa.