Neman Sawun Kakan da Ya Je Yaƙin Bama

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da labarin kaka ko baffa da ya je Yaƙin Bama, amma idan jika ya tashi neman tabbaci a rubuce, yakan dawo hannu rabbana. Dalilin yana cikin yadda aka ɗauki mutanen aikin soja tun farko. Magatakardan rundunar sojan Afirka ta Yamma ba su cika damuwa da sunan uba ba. Sukan rubuta sunan mutum su liƙa masa na garinsu, sai ka ga Musa Kano, Audu Katsina, Garba Sakkwato bila adadin. Wani ma garin da aka rubuta masa shi ne inda aka ɗauke shi, ko da kuwa daga wani ƙauye mai nisa ya fito. Saboda haka mai neman kakansa da suna kawai ya ɗauko aikin da ba zai ƙare ba. Abin da ke bambanta soja da takwaransa shi ne lambarsa ta soja, kuma mafi yawan lokaci a gida ake samunta, cikin takardar sallama da ke ƙasan adaka. Lambar yabo ta Tauraron Bama ba ta wadatar ba, domin Ingila ta raba ta ne ba tare da an zana sunan mai ita ba.

Wannan ne ya sa binciken ya kamata ya fara daga bakin tsofaffin gida kafin a doshi ma'ajiyar takardu. Idan wata gwaggo ta tuna cewa mahaifinta ya yi Habasha kafin Bama, ta riga ta ba da hanya, domin birged ɗin Nijeriya ya shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ya wuce Harar ta Habasha. Idan ana cewa jirgin sama ne yake jefo musu abinci a kurmi, hankali sai ya koma ga Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ko ga bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, da suka shiga dakarun Chindit a 1944. Wanda aka ce bai riƙe bindiga ba, kaya yake ɗauka a ka, shi ma soja ne cikakke, don da 'yan dakon nan rundunar ta ratsa duwatsun da mota ba ta iya bi. Sunayen da yaƙin ya bari ba su ɓace mana ba ma, ga Barikin Chindit a Zariya, ga Kalapanzin a Kaduna.

Za a ce labarin baka ba abin dogaro ba ne, 'yan mazan jiya sukan ƙara gishiri, jikoki su ƙara nasu. Haka ne, amma takardar ma tana da nata giɓin. Littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, waɗanda ke ajiye a Kew cikin Landan, suna ba da rana da wuri daidai, su ambaci hafsan Bature da sunansa, sojan Afirka kuwa sau da yawa adadi ne kawai cikin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni. Gyaran shi ne a aza ɗaya kan ɗaya: gida ya ce an harbe shi a ƙafa wajen ƙetare wani kogi, littafin bataliya ya faɗi kogin da ranar. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da fayilolin lardi a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna sukan nuna yadda aka nemi sarakuna da hakimai su kawo mutane.

Ga dangin wanda bai dawo ba, hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta sa sunaye da lambobi a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Gaggawar tana wajen tsofaffi ne, domin 'ya'yan sojojin da suka ji labarin daga bakin iyayensu da yawansu sun haura saba'in.