Shan-inna da Rikicin Riga-kafi a Kano

Sunan cutar kansa shaida ne. Bahaushe ya daɗe yana ɗauka cewa Inna, wato aljana, ita ke shanye ƙafar yaro, saboda haka wajen 'yan bori akan nufa. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da riga-kafi, bisa raɗe-raɗin an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Tsoron kuwa yana da tushe, domin jama'a ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba. Talakan da ke sayen maganin zazzaɓi da guminsa, dole ya zargi wanda ake biyo shi da shi har gida kyauta. Sai a Yulin 2004 aka ci gaba, da magani daga Indunusiya, alhali cutar ta riga ta koma ƙasashen da suka rabu da ita.